Yatsan Kawu Tanimu

Tsoron bakin mutane mugun hali ne, shi ya ci Alhaji Sambo.

A zamanin da ake wannan labari, littafin labari ba ya buɗuwa a hannun saurayi sai dattijo ya dangwala masa babban yatsa, sunan dattijon kuma ya fito a kowane shafi. Da hantsi ɗansa Jafaru ya kawo masa wani littafi da gari ke ta surutu a kansa, labarin saurayin da ya faɗa shan ƙwaya.

Alhaji ya ce, "Sunana a kan wannan ƙazanta? Me za a ce a masallaci? Kwashe shi!"

Jafaru ya wuce rumfar Kawu Tanimu mai gyaran keke, ƙanin mahaifiyarsa. Tsohon ya goge baƙin mai a riga, ya dangwala wa littafin yatsa.

"Zauna nan ka karanta, ja'iri. In ka gama, akwai wanda ya fi shi zafi."

Bayan la'asar Jafaru ya rufe littafin. Ya zaro ƙullin ƙwayoyi daga aljihu ya ajiye a gaban kawunsa.

"Kawu, Allah ya saka da alheri. Na rasa wanda zan gaya wa."

"To, ga ni. Faro daga farko."

Sunan Alhaji bai ɓaci ba. Amma ya rasa hirar ɗansa, ya rasa sirrinsa, ya rasa ladan ceto shi.