Fitilar Bayan Hoto

Da makaniken ya canza fulogi na uku, injin motar ya daina ɗingishi. Ya jona na'urarsa, ya goge lambar da ke kunna fitilar gargaɗi.

"Shi ke nan, Gwaggo. Ki kai tattasanki kasuwar birnin Plovdiv hankali kwance."

Tsohuwar ta shiga ta tayar, sai ta ƙura wa gaban sitiyari ido.

"Kai ɗan nan, me ka yi wa mijina?"

Ya leƙa. A kan fitilar, inda direbobin ƙauyensu kan manna hoton waliyyi don kada ta dame su, ita hoton marigayi mijinta ta manna. Tunda motar ta fara ciwo, da ta murɗa makulli sai fuskarsa ta haskaka. Yanzu ta dushe.

Ya sosa ƙeya. "Au, na yi mantuwa."

Ya ɗaga bonet, ya zare wata 'yar waya da ba ta hana mota tafiya. Fitilar ta kama, fuskar ta sake haskawa.

"Yawwa, sarkin barci," ta ce wa hoton. "Da ni kaɗai za ka bari in tafi?"