Mai Zane da Fuskar Mai Kilishi

Bari in ba ka misali da wani mai zane da ke zaune a wani babban gari. Ba ya amfani da fenti da buroshi. Yana da ƙaramar kwamfuta mai faɗi kamar allo, da alƙalaminta, a kanta yake zana hotunan mutane da tambarin shaguna, wato alamar nan da ake bugawa a jikin kaya don mai saye ya gane na wane ne. Hannunsa na da kyau ƙwarai, kuma yana alfahari da abu guda: ko sau ɗaya aka nuna masa hoto, ba ya buƙatar kowa ya ƙara masa bayani.

Wata rana da hantsi wata mata ta yi sallama a shagonsa, ba ta daɗe da fita takaba ba. Mijinta mai kilishi ne, ya shekara ashirin da wani abu a bakin tashar mota, har direbobi kan tsaya takanas saboda shi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, labun da ake shafa wa naman, wato haɗin ƙuli da kayan yaji, ita ce take kwaɓa shi a gida tun ranar farko. Da mijin ya rasu sai masu saye suka ɗauka ɗanɗanon ya bi shi kabari, suka koma wasu tebura, ga ta da 'ya'ya biyar da ma'aikata uku masu yankan nama. Tana so a buga fuskarsa a takardar naɗin kilishin, ko matafiya sa gane cewa gidan nan bai mutu ba. Amma mutumin bai taɓa son hoto ba. Abin da ta kwance daga bakin mayafinta wani tsohon katin shaida ne da wanki ya taɓa ci, fuskar ta koɗe, ya murtuke kamar wanda aka kai gaban alƙali. Mai zane ya karɓa, ya ce ta dawo jibi. Ya zauna ya gyara inda ya koɗe, ya fito da hanci da idanu, ya zuba launi har kana iya ƙirga gashin gemu. Matar ta zo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, “Malam, ya yi kyau, Allah ya saka. Sai dai ban san wannan bawan Allah ba.” Ya sake wani, ya ƙara haske. Ya sake na uku, ya sa masa murmushi irin wanda yake sa wa kowa. Karo na ukun godiya kawai ta yi, ta miƙa hannu a ba ta katinta. Ganin yadda ta mayar da shi bakin mayafi tana ƙullewa, abin ya tsaya wa mai zane a rai, ya kasa cin abincin rana.

Washegari ya rataya jakarsa ya nufi tashar. Da farko ya yi ta kewaye kamar mai neman mota, don bai saba da tambayar mutane ba. Daga baya ya zauna a bencin mai shayi, ya cije ya ce, “Don Allah, mai kilishin nan da ya rasu, yaya kamanninsa suke?” Ai kuwa kamar ya buɗe famfo. Mai shayi ya ce idan marigayin ya yi dariya idonsa na hagu rufewa yake yi ruf. Wani direban dogon zango ya ce shekara goma sha biyar yana sayen kilishinsa bai taɓa ganin hularsa a daidai ba, kullum a karkace take wajen kunnen dama. Mai gyaran taya ya tuna tabon wuƙa a haɓarsa, inda gemu ya ƙi fitowa. Aka aika aka kira yayar marigayin da ke sayar da fura a bayan tasha, ta zauna gaban mai zane ta juya masa gefen fuska ta ce ya dubi hancinta, nasu iri ɗaya ne. Nan kan bencin ya ɗora allonsa a gwiwa yana zanawa, mutane sun yi masa rumfa, wannan ya ce kumatun sun yi yawa, wancan ya ce a sauko da hular kaɗan. Shi da ba ya son gyara, ranar ya goge ya fi sau talatin. Da la'asar ta yi, ya zubar da launuka da ƙawa duka, ya bar layuka 'yan kaɗan baƙaƙe: karkatacciyar hula, ido ɗaya a rufe, gemu mai giɓi.

Da ya kai wa matar, ta dubi allon sau ɗaya, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na girgiza. Babbar 'yarta ta leƙo ta bayanta ta ce, “Inna, Baba ne.” Aka kai maɗaba'a aka buga. Makon da takardun suka hau tebur, direbobi suka riƙa hango fuskar tun daga cikin mota suna taka birki, wanda ya ɗanɗana kuma ya ji kilishin da ya sani ne, bai canza ba. Ma'aikatan nan uku babu wanda aka sallama.

Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.