Mai Man Gyaɗa da Mai Gwangwani

A wani gari na bakin kogi an yi wata mai ƙuli-ƙuli wadda ba ta yarda akwai abincin da ya kai man gyaɗarta ba. Shekarar da ambaliya ta share lambunan garin, har zogale ya zama abin nema, ita ko a jikinta. Ga dawa a rumbu, ga mai a tulu, me kuma ya rage? Maƙwabciyarta kuwa ɗanta direba ne, ya sauke mata kwalin gwangwanaye daga birni, na karas da koren wake da alayyafo. Ita ma sai ta samu abin taƙama, tana cewa mai ba ya ƙara wa mutum komai sai teɓa. Mai ƙuli-ƙuli ta mayar mata ta kan katanga cewa ganyen da ya shekara a cikin ƙarfe ko akuya ba za ta shinshina ba. Daga ranar gaisuwa ma ta gagare su.

Ana nan sai mai ƙuli-ƙuli ta lura da 'yar autarta. Kumatu sun cika, ƙarfi kamar ɗan maraƙi, amma da zarar magariba ta kawo jiki sai yarinya ta shiga lalube, tana karo da turmi a tsakar gidan da aka haife ta. Hankalin uwar ya tashi, ta saɓe ta sai asibiti. Ma'aikaciyar ta ce dundumi ne, ta ba da magani, sannan ta ce mai dai ƙarfi yake bayarwa, abin da ido ke nema yana cikin ganye da karas, kuma a sa musu ɗan mai don jiki ya fi karɓa. In aka yi sake, idon na iya tafiya.

To, ina ganye a garin nan in ba bayan katanga ba? Ta yi ta juyi, don ta san abin da bakinta ya faɗa. Amma tsoron makantar ɗiya ya fi ƙarfin kunya. Ta cika kwalba da mai, ta ja mayafi, ta yi sallama tana jiran baƙar magana. Sai ta tarar da maƙwabciyar ta tasa jikanta a gaba tana tagumi. Yaron idonsa garau, amma haƙarƙari duk a waje, yana gama cin miyar gwangwani ta lami, wadda ba ɗigon mai, yake kukan yunwa. Maƙwabciyar ta dubi kwalbar ta ce, "Wallahi kin riga ni ne kawai, yaya. Kunya ce ta hana ni zuwa."

Gwangwani ya ƙetara nan, mai ya ƙetara can, miya ta yi daɗi a gida biyu. Kafin a kai ga girbin kaka yaron ya murmure. Ran nan da magariba uwar ta ga autarta ta sheƙo da gudu, ta kauce wa turmi, ta tsallake taɓarya. Ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna a ƙasa tana hamdala har da hawayen daɗi.

Ka ga, mai bai yi ƙarya ba, ganye ma bai yi ba, sai dai kowanne da iyakar aikinsa. Shi ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.