Halin Ƙanƙara

"Hajiya, ƙanƙara ta tsage ta haɗiye ɗanki," in ji jagoran masu hawan dutsen ƙanƙara ta waya, da Larabcinsa na 'yan koyo. "Mun zura igiya, ba ta kai ba."

Ita da ta tsufa tana sayar da zoɓo mai sanyi a unguwar Misfala ta ƙasa mai tsarki, wa zai gaya mata halin ƙanƙara?

"To ya waladi, ku jira rana ta take mana! Ai narkewa za ta yi."

"Wannan ba ta taɓa narkewa ba, Hajiya."

Ta ajiye wayar, ta buɗe kula, ta ɗauko dunƙulen ƙanƙara guda ta matse a ƙirjinta har ya tsiyaye ya jiƙa mata riga. Sannan ta ɗauko wani.