Mai Lasar Dutse

"Tofar! Maza tofar!" Kaka ta cusa yatsa a bakin jikanyarta, ta zaro ɗan dutse.

Daga kabad ɗin marigayi mijinta ya fito, masanin duwatsu mai neman man fetur. Bai taɓa dawowa daga daji ba tare da tsarabar dutse ga kowane ɗa ba, kuma sai ya lasa yake faɗin irinsa.

"Ba haɗiyewa zan yi ba," in ji yarinyar. "In ya kama harshe, laka ce. Haka ya ce."

"Wa?"

"Mai hular kwano. Ya ce in gaishe da Zinariyarsa."

Irin hular aikin mijin Kaka ke nan. Yana kabari aka haifi yarinyar nan. Wannan sunan da yake kiran Kaka da shi kuwa, ko 'ya'yansu ba su taɓa jin sa ba.