Ruwan Taba a Bakin Rafi

Da la'asar suka sauke jakunkunan bayansu a bakin rafi, sun ci rabin hawan dutsen Argopuro. Sauro ya taso musu kamar da ma jiran su yake. Danang ya murtsuke sigari biyu a murfin gora, ya jiƙa da ruwa, ya kamo hannun budurwarsa Laras zai shafa mata maganin sauron kamar kullum.

Ta janye hannunta.

"Yaya, kakata ta lissafa ranakun haihuwarmu har sau uku. Ta ce ba su dace ba, aurenmu ba zai yi albarka ba."

"Ke kuma me kika ce?"

"Ita ta raine ni, Yaya."

Ya daɗe yana kallon ruwan tabar. Shekararsa biyu da daina shan sigari, amma saboda Laras bai taɓa hawa dutse babu kwali a aljihu ba.

Sauro ya sauka a kumatunta. Danang ya ɗaga hannu, sai ya tsaya.

"Kore shi mana," ta ce. "Ai ba mu sauka gida ba tukuna."

Ya ɗora tafinsa a kumatunta. Sauron ya daɗe da tashi, hannun bai tashi ba.