Gurbin 'Yan Aji Biyu

Lorene ta shigo da tiren shayi mai ƙanƙara daidai lokacin da aka haska hoton Josie a bango. Ta tsaya tana kallon hoton.

Shekara uku ke nan tana girki a gidan wannan ƙungiya ta 'yan matan jami'a, kuma duk watan Agusta haka suke yi. Su cika falo su fi ɗari, a haska hoton mai neman shiga, su bi ta da ido tun daga gashi har takalmi kamar masu taya saniya. 'Yan aji ɗaya ake rububi, don su ne za su shekara huɗu a gidan. 'Yan aji biyu kuwa gurbi uku kacal aka ware musu, biyu sun riga sun cike.

Josie 'yar aji biyu ce, a ƙaramar kwalejin garinsu ta yi shekarar farko. Uwarta Tammy tare suke waƙa da Lorene a coci. Ranar Lahadi Tammy ta riƙe wa Lorene hannu, ta ce yarinyar ta ƙwallafa rai, har takardar shaida ta samo daga wata tsohuwar 'yar ƙungiyar. Lorene ta yi alkawarin za ta sa baki wurin Shelby, shugabar zaɓen.

Ta kuwa sa, da safe a bakin firji. Shelby ta tambaya ko wace Josie. Da ta ji, sai ta rufe firjin ba ta ɗauki komai ba, ta fita.

Yanzu falon ya ɗauki yabo. Wata ta ce Josie ta ba ta dariya har cikinta ya ƙulle, wata ta karanto makinta. Lorene ta fara samun numfashi. Ta ajiye wa Shelby kofin da babu lemon tsami, ba sai an gaya mata ba.

"Na gode, Mis Lorene," in ji Shelby, ko kallonta ba ta yi ba. Ta miƙe tana murza kunnenta na hagu. Lorene ta san abin da murza kunnen nan yake nufi: a tsorace take.

"'Yan'uwa, kada mu yaudari kanmu. Aji biyu fa, ragowar bara. Uwarta goge-goge take yi a otal. Jiya da na zauna kusa da Josie, ban da warin sabulun banɗaki ba abin da nake shaƙa."

Aka fashe da dariya, har da wadda ta karanto makin. Aka ɗaga hannuwa don ƙuri'a, aka kayar da Josie. Hoton ya ɓace, na wata ya hau.

Lorene ta koma kicin. Ƙaurin soyayyiyar kuɓewa ya buge ta, ta tofar da yawu a wurin wanke-wanke. Me za ta ce wa Tammy? Matar da hannuwanta suka tsage da aiki don 'yarta ta taka jami'a.

Aka turo ƙofa, aka mayar a hankali. Shelby ce, ta leƙa ɗakin ajiya ta tabbatar babu kowa.

"Daina kallona haka," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tun muna yara Josie ta san ni, ta san gidanmu. In ta shigo nan, kafin sati kowa ya ji ke kika haife ni. To ya kike so in yi, Mama?"